Amsa: Faɗin haƙoran rota da ƙarfin juyi a injin SRM

Malam, ka tambaya ko faɗaɗa haƙoran rota (ɓangaren injin da ke juyawa) zai ƙara ƙarfin juyi a SRM, wato injin lantarkin da ake kira switched reluctance motor. Ba kullum ba. Rotar SRM ba ta da maganaɗisu ko naɗin waya, zallan ƙarfe ce, kuma ƙarfin yana fitowa ne daga bambancin indaktans (yawan maganaɗisun da naɗin wayar injin ke samarwa gwargwadon lantarkin da ke bi ta cikinsa) tsakanin lokacin da haƙoranta suka daidaita da na sitato (ɓangaren da ba ya juyawa, mai ɗauke da naɗin wayar) da lokacin da suka kauce. In ka faɗaɗa su fiye da kima, ramin da ke tsakaninsu ya matse, bambancin ya ragu, ƙarfi ya faɗi. A injin 6/4, wato mai haƙoran sitato shida da na rota huɗu, faɗin haƙorin sitato kada ya gaza digiri 30, in ba haka ba akwai inda injin zai ƙi tashi. Ni dai sai in bar na rota ya ɗara shi kaɗan, digiri 32 misali, sannan in matse giɓin iskar da ke tsakanin rota da sitato.