Amsar tambayarki a kan zaɓi da ƙaddara

Amaryata, saƙonki ya iso. Na yi dariya har da tari, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai tunda an koya muku ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci kafin mutum ya ankara, don me manya ke cewa "ƙaddara ce", sannan su juyo su yi wa mai laifi faɗa?

Shi Benjamin Libet ɗin da kika ambata, masanin aikin ƙwaƙwalwa, a gwajinsa na 1983 ya sa mutane su motsa hannu duk sadda suka ga dama. Na'ura ta nuna ƙwaƙwalwa ta fara shiri wajen rabin daƙiƙa kafin motsin, su kuwa ba su ji niyyar ba sai can daf da shi. Motsa hannu fa, amarya, ba zaɓen miji ba. Gardamar ma ta girme shi nesa ba kusa ba. A cikin malaman Musulunci na dā, Jabariyya sun ce tilasta bawa ake yi, Mu'utazilawa suka ce shi ke samar da aikinsa, Imam Ash'ari ya zo da kasbu: Allah ke halittar aikin, bawa ke ɗaukar nauyinsa.

Ina yaro, ƙanena ya yaga mini littafi. Ban san sadda na sunkuya na ɗauki dutse ba, sai ganin hannuna na yi a sama. Har yau ina tuna zafin dutsen, rana ta gasa shi, da yadda yaron ya runtse ido ya kare kansa da hannu bibbiyu, majina na zuba. Hannun ya tsaya cak, na sauke shi a hankali. Ashe Baba na bayana. Bai dake ni ba, bai kuma yaba mini ba. Cewa ya yi, "Zuciya ce ta ɗaga hannun nan, na gani. To wa ya sauke shi?" Libet ma ya yarda akwai ɗan lokacin fasawa, ko da yake wasu sun ce ita ma fasawar ƙwaƙwalwa ce ke shirya ta.

Baba kan ce "ƙaddara ta riga fata" magana ce ta rarrashin wanda abu ya riga ya sama. Wanda bai ko motsa ba, nasa rabon shi ne "Allah ya ce tashi in taimake ka". Ku 'yan yanzu kun juya zancen, tun ba ku gwada ba kun fara yi wa kanku jaje, da ƙaddara ko da ƙwaƙwalwa.

Af, sakamakon jarrabawarki fa? Na ga ba ki ambace shi ba.