Ƙananan katantanwa a cikin yashin bakin teku: 'ya'ya ne ko manya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Jos. Ƙanena da ke aiki a Legas ya kawo mini yashin bakin teku a gora don in nuna wa ɗalibai, da yake yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Da muka zuba a faranti sai muka ga wasu 'yan mitsi-mitsin katantanwa, wasu ma ba su kai ƙwayar gero ba. Ɗalibai suka ce 'ya'yan manyan dodon koɗi ne da suka mutu tun suna ƙanana. Haka ne? In ba haka ba ne, yaya masana ke rarraba su, kuma me za mu duba a jikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya yi wa ƙaninki albarka, don kuwa ya kawo miki abin da zai ishe ki darasin zango guda.

Ɗalibanki sun faɗi rabin gaskiya. A cikin yashin za a samu 'ya'yan manyan dodon koɗi, wannan babu shakka. Amma da yawa daga abin da kuka gani manya ne, sun girma sun hayayyafa sun mutu, iyakar girman da Allah ya ba su ke nan. Masana kan sa duk wanda bai wuce milimita 5 ba bayan ya gama girma a layin ƙananan dodon koɗi. Akwai wanda ake kira Ammonicera minortalis, wanda wani masani ɗan Sifen, Emilio Rolán, ya bayyana daga tekun Kuba a 1992, faɗinsa bai kai rabin milimita ba. Kuma ba wai tsiraru ba ne. Wata tawaga ƙarƙashin Philippe Bouchet na gidan adana halittu na Paris ta tsefe wani yanki guda a Koumac, tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, ta buga sakamakon a 2002: nau'i 2,738 na dodon koɗi da danginsu na teku, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba su wuce milimita 4 da ɗan ɗoriya ba. Mai tsintar katantanwa a bakin ruwa manyan yake ɗauka, ya taka sauran da ƙafa bai sani ba.

Ƙanƙanta dai ba dangantaka ba ce. Babu wani dangi guda da ake kira na ƙanana. Zuri'o'i daban-daban ne, waɗanda suka rabu da juna tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kowace ta fitar da nata ƙananan. Shi ya sa biyu za su kwanta gefe da gefe a farantinki, tsayi ɗaya launi ɗaya, alhali ɗaya ya fi kusa da wuri, wato farar katantanwar nan da aka yi kuɗi da ita a da, ɗayan kuma ya fi kusa da babban dodon koɗin daji da ake sayarwa a kasuwa.

Dukansu suna cikin aji guda, Gastropoda, sunan da masani ɗan Faransa Georges Cuvier ya raɗa a ƙarshen ƙarni na 18. Tsohon tsarin da har yanzu yake cikin wasu littattafan makaranta ya kasa ajin gida uku bisa wurin da gaɓar numfashi take: Prosobranchia, Opisthobranchia da Pulmonata. Tsari ne mai sauƙin haddacewa, amma ya rushe da aka zurfafa binciken cikin jiki da ƙwayoyin gado. Wanda ake bi yanzu shi ne na Bouchet da Rocroi na 2005, wanda aka sabunta a 2017. Manyan rassansa da za su shafe ki uku ne: Vetigastropoda, Caenogastropoda, da Heterobranchia. Wuri da isam, wato dogon baƙin dodon koɗin nan da mutanen Neja Delta ke sa wa a miya, duk Caenogastropoda ne. Dodon koɗin ƙasa kuwa yawancinsu Heterobranchia ne. Ƙarƙashin kowane reshe sai dangi, sai jinsi, sai nau'i, kuma sunan kimiyya kalma biyu ne, ta jinsi da ta nau'i, yadda masani ɗan Suwidin Linnaeus ya tsara a 1758. Shekara guda kafin nan, a 1757, wani masani ɗan Faransa, Michel Adanson, ya wallafa bayanin katantanwar gaɓar Senegal, inda ya dage cewa a duba dabbar kanta ba ɓawonta kaɗai ba. Ya yi gaskiya, sai dai da yake dokar sunayen dabbobi daga 1758 take fara ƙirga, sunayensa ba su shiga lissafi ba.

To mu zo kan farantin. Ki ɗauki guda ɗaya ki tsayar da ita, tsinin a sama, bakin yana kallonki. In bakin yana hannun damanki, ta dama ce, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 haka suke. In yana hagu, kin yi sa'a, don a cikin ƙananan na teku doguwa mai tsini mai ƙuraje-ƙuraje a jere wadda bakinta ke hagu kusan kullum dangin Triphoridae ce, masu cin soson teku. Akwai 'yan'uwan kamanninsu, Cerithiopsidae, su ma soso suke ci, amma nasu bakin dama yake. Ɗalibai za su iya ganin bahago a nan gida ma: Bulinus, dodon koɗin kududdufai da madatsun ruwa wanda ke ɗauke da tsutsar tsargiya, bakinsa hagu yake. Amma don Allah kada a tura yara cikin ruwa nemansa, a nuna musu hoto.

Daga nan sai tsinin, kuma a nan mafi yawan labarin yake. Dodon koɗi ba ya sauya ɓawo. Wata fata mai laushi da ke lulluɓe da jikinsa ce ke zuba sinadarin alli a gefen baki, a hankali ɓawon yana tsawo yana murɗewa. Don haka abin da ke can ƙololuwa shi ne ɓawon da ya fara yi tun yana cikin ƙwai ko yana jariri, mu kira shi gidan yarinta. Sau da yawa za ki ga layi ƙarara inda gidan yarinta ya ƙare na girma ya fara: sama sumul, ƙasa kuma zane ya soma, ko launi ya canza. In gidan yarintar siriri ne mai zagaye biyu da rabi ko uku ko fiye, jaririn ya daɗe yana yawo a saman ruwa yana cin ƙananan tsirrai kafin ya sauka ƙasa, irin waɗannan kuma igiyar ruwa kan kai su nesa, sai a samu nau'i ɗaya daga wannan ƙasa har waccan. In kuwa ƙato ne mai kumburi, zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, ƙwan babba ne mai wadataccen abinci, jaririn bai yi nisa da inda uwarsa ta saka shi ba. Masani ɗan Denmark Gunnar Thorson ne ya yi fice wajen bayyana wannan alaƙa a tsakiyar ƙarni na 20. Akwai nau'o'in da jikinsu iri ɗaya ne sak, ba a raba su sai da wannan ɗan tsinin.

Akwai kuma wani abin da in kin gan shi sau ɗaya ba za ki manta ba. A dangin Pyramidellidae, jaririn hagu yake murɗa ɓawonsa, da ya girma sai ya koma dama. Sakamakon haka gidan yarintar yakan zauna a karkace, a kwance kan tsinin, wani lokaci ma rabinsa ya nutse cikin zagayen da ke ƙasansa. Wannan alama ce ta reshen Heterobranchia. Dangi ne babba, sunayen da aka raɗa a cikinsa sun haura 6,000, kuma yawancinsu ba su da harshen nan mai haƙora da sauran dodon koɗi ke kankare abinci da shi. Allura gare su, suna soka wa tsutsotsin teku da kawa su tsotsi ruwan jikinsu. Jinsin Turbonilla dogaye ne farare masu haƙarƙari a tsaye, Odostomia kuwa gajeru ne sumul, sau da yawa da ɗan haƙori guda a ginshiƙin cikin baki. Rolán da abokin aikinsa Anselmo Peñas sun bayyana nau'o'i masu yawa na wannan dangi daga gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1990, don haka ina kyautata zaton ba za ki rasa su a yashin Legas ba.

Tambayar ɗalibanki kuwa, baki ne zai fi amsa ta. Da yawa in sun gama girma leɓen bakin na waje yakan yi kauri, ko ya buɗe, ko ya fitar da haƙora. Dangin Rissoidae da makusantansu, waɗanda ke kiwo a kan ciyawar teku da ƙarƙashin duwatsu, sun shahara da wannan kaurin leɓe. In kin ga 'yar katantanwa mai milimita 3, zagaye biyar ko shida, zane ya cika, leɓe ya yi kauri, to tsohuwa ce. In kuwa gidan yarintar ya cinye rabin tsayinta, zagaye ɗaya ko biyu ne kawai bayansa, leɓen kuma siriri mai kaifi mai saurin karyewa, ɗiyar wani babba ce. Wuri ma haka yake: yana ƙarami ɓawonsa siriri ne, tsininsa a fili, bakinsa a buɗe babu haƙora, sai ya girma leɓen ya naɗe ciki ya zama tsagar nan da muka sani. Sai dai ƙa'idar tana da togaciya, Pyramidellidae da yawa leɓensu siriri yake har mutuwa, don haka a haɗa da ƙirga zagaye.

Sauran alamomin ba sa buƙatar dogon bayani. A duba zanen jiki, haƙarƙari ne daga sama zuwa ƙasa, ko zare ne mai bin zagaye, ko duka biyun sun sarƙe sun ba da ƙuraje. A juya ƙasan a ga ko akwai rami a tsakiya, wanda ake kira cibiya. A duba ƙarshen baki ko a zagaye yake ko yana da ɗan indararo, inda dabbar ke fito da bututun shaƙar ruwa. Wadda take sumul tana ƙyalli, doguwa, wani lokaci da ɗan lanƙwasa, dangin Eulimidae ce, masu zama a jikin tauraron teku da bushiyar teku suna tsotsonsu. Mai 'yar tsaga a leɓe, Scissurellidae ce, daga reshen Vetigastropoda.

Ɗaya zan ɗan tsaya a kanta don kusan kowa yakan zubar da ita. Za ki ga ɗan bututu fari ko ruwan ƙasa, milimita 2 ko 3, mai ɗan lanƙwasa, babu murɗi ko kaɗan, gefe ɗaya a buɗe ɗayan a toshe. Dodon koɗi ne cikakke, jinsin Caecum. Yana jariri ɓawonsa a murɗe yake, daga baya ya miƙe, yana girma yana yar da tsohon sashen yana toshe wurin da bango. Siffar wannan toshiyar, mai tsini ce ko mai kumburi, da ita ake raba nau'o'insa. Shi kuwa zamansa tsakanin ƙwayoyin yashi ne.

A kula kuma da masu shigar burtu. Akwai wasu halittu masu ƙwayar rai guda, Foraminifera, da ke yin ɓawo mai murɗi, amma nasu a kashe yake ɗaki-ɗaki, babu faffaɗan baki guda. Akwai guntayen ƙayar bushiyar teku, da bututun tsutsotsi.

Kayan aiki ba masu tsada ba ne. A wanke yashin da ruwan famfo don gishiri ya fita, a shanya a inuwa, a tankaɗe da rariya don a raba manya da ƙanana. A barbaɗa kaɗan-kaɗan a kan baƙar takarda, kada a tara. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 zai nuna dangi, gidan yarinta kuwa sai da madubin ɗakin gwaji mai ninki 20 zuwa 40, da fitila daga gefe don zanen ya fito. A ɗauka da jiƙaƙƙen bakin burushin fenti siriri, hantsaki fasa su yake. A rufe taga, iskar hunturun Jos za ta kwashe aikin yini a ɗan lokaci, kuma a hana yara hura yashin. Kada a kusantar da ruwan tsami ko lemon tsami, narkar da alli suke yi. Kowace kwalba a sa mata takarda da fensir: wurin da aka ɗebo da ranar. Ki tambayi ƙaninki wane bakin ruwa ne takamaimai, Badagry ne ko wajen Lekki, kuma ko kusa da bakin tafkin Legas ne, don inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri nau'o'in daban suke.

Shawarata ita ce ku tsaya a matakin dangi, in an yi ƙoƙari a kai jinsi. Wanda ya kalli hoton waya ya ba ki cikakken sunan nau'i, ki yi taka-tsantsan da maganarsa. Katantanwar bakin ruwa yawanci ta goge, tsinin ya karye, kuma ko ƙwararru sukan nemi madubin lantarki su ga gidan yarinta, su duba murfin baki da haƙoran harshe, yanzu kuma har da gwajin ƙwayoyin gado, wanda sau da yawa yakan nuna cewa abin da ake ɗauka nau'i ɗaya ne ashe uku ne ko huɗu. In kun samu suna a wani tsohon littafi, ku duba shi a rumbun WoRMS da ke intanet, wanda wata cibiyar binciken teku a Ostend ta Beljiyam ke kula da shi, zai nuna muku ko sunan na nan ko an sauya shi, da dangin da aka mayar da shi. In kuma kuka ci karo da wadda ta gagara, cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Victoria Island a Legas, ƙaninki zai iya kai musu kwalbar tare da takardarta.