Amsa ga Kawu a Katsina kan yadda muke fitar da damuwa a zangon Kumasi

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Tambayarka ta iso, kuma na ga ya dace in amsa a rubuce domin sauran 'yan'uwa na Katsina da Daura masu irin wannan tunani su ma su karanta. Ka ce labari ya zo maka cewa a nan magidanci da gemunsa yakan zauna cikin abokansa ya ce zuciyarsa ba daɗi, wani har ya zubar da hawaye, wani kuma ya tsara baitoci a kan abin da ke cin ransa, sai ka tambaya ko zama cikin Tonawa, wato mutanen Asante, ne ya rage mana kunya da haƙurin da aka san Bahaushe da su.

Labarin gaskiya ne, amma dalilinsa ya girmi zamanmu da Tonawa. A Katsina idan rana ta yi wa mutum baƙi, yana cikin gidan da aka haife shi, akwai mahaifiya da gwaggo da kaka, akwai taubashin da zai tsokane shi har ya yi dariya, kuma duk waɗannan da ganin yadda ya ajiye takalminsa a zaure sun san akwai magana. Shirunsa yana da masu fahimtarsa, saboda haka kawaici ba ya cutar da shi. Kakanninmu kuwa fataucin goro ya kawo su Gwanja, suka zauna a Salaga, daga baya suka bazu zuwa Kumasi da Ankara, babban birnin Ghana, kuma har yau a unguwar Aboabo ko Asawasi a nan Kumasi za ka tarar da Bahaushe yana haya a gida ɗaya da Badagombe da Bazabarme da mutumin Mosi. Babu wanda ya san shi tun yana yaro a cikinsu. Idan ya yi shiru sai a ɗauka lafiya lau yake, har ciwon ya ci shi. Dattawanmu suna yawan tuna shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar Ghana, aka rabu da maƙwabta da dukiya a gurguje. Waɗanda suka rage ba su da dangin da za su jingina da su sai junansu, kuma ba a taimakon wanda ba a san halin da yake ciki ba.

Ga yadda abin yake. Bayan sallar isha'i ana fito da benci ƙofar gida, a ɗora butar shayi a kan gawayi. Ana cikin hira sai wani ya ce, "Jama'a, yau dai ban ga daidai ba." Babban cikinmu zai ce masa, "Faɗi, muna ji." Daga nan ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi, har sai ya kai aya, ko kayansa ne suka lalace a kasuwar Kejetiya, ko ɗansa ne ya bi hanyar Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, ko kuwa shi kansa bai san abin da ya danne masa ƙirji ba. Sai ya gama ake cewa Allah ya kawo sauƙi, a yi masa addu'a, wani ya cusa masa ɗan abin cefane a aljihu ba tare da kowa ya gani ba, gobe da asuba kuma wani ya biyo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa su tafi masallaci tare. Mata ma haka suke yi a taron adashi da ƙungiyoyinsu na zumunci. Sharaɗin abin ɗaya ne, kuma muna tsananta shi: maganar da aka yi a bencin nan ba ta tashi daga wurin, wanda kuma ya kai ta gaba ba za a sake buɗe baki a gabansa ba.

Game da waƙa, Kawu, gado muka tarar. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, sannan ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan talauci da zuwan Nasara da sauran abubuwan da suka girgiza mutanen zamaninsa. A ƙasar Hausa ma Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo marsiyya, ba wanda ya ce ta gaza haƙuri. Kai ma ka san abin da iyayenmu mata suke zubawa cikin waƙar niƙa da ta daka, maganar da ba za su iya faɗa wa miji ko kishiya baki da baki ba. Samarinmu a yau suna tsara baitocinsu ne a waya, su rera, su tura wa abokai ta WhatsApp. Na ga wani tela da matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya daina cin abinci, ya daina buɗe shago, sai da ya fara rubuta mata baiti biyu ko uku kowane dare a bayan littafin awon tufafi sannan ya soma iya barci. Ba dukan waƙoƙin ne suke da kyau ba, wasu ko ƙafiya ba ta zauna ba, amma ni ba na auna su da ma'aunin gwanaye, tunda ba don gasa aka yi su ba.

Na san abin da ya fi damunka shi ne addini. Annabi Yaƙubu ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 86 cikin Suratu Yusuf, kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, duk da haka shi ne mai haƙuri kyakkyawa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Iyakar da muke tsayawa ke nan. Maƙwabtanmu Tonawa suna ajiye gawa tsawon makonni, su yi babban taro ranar Asabar cikin baƙaƙe da jajayen zannuwa, da kiɗa da kuka a bainar jama'a. Muna zuwa mu yi musu ta'aziyya, amma mu a ranar muke binne namu, ba kururuwa, ba yage tufafi.

Wata damuwar kuma ta fi ƙarfin hira da waƙa. Idan mutum ya yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko ya fara cewa gara ya mutu, ba ma tsayawa ga rubutu da tofi kaɗai, muna raka shi asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa, mu kuma rufa masa asiri.

Ina roƙonka abu ɗaya. A cikin birnin Katsina yanzu akwai mutanen Batsari da Jibiya da Safana waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu, sun zama baƙi a wurin da ba a san su ba, kamar kakanninmu. Idan ka kai musu hatsi, ka ɗan zauna, ka tambayi magidancin yadda yake kwana, kuma kada ka yi saurin ce masa sai haƙuri kafin ya gama magana.