Kotu ta aiko mini da sammaci in ba da shaida a kan surukina: dole ne in je?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shekara biyu da suka wuce, a gabana wani abokina ya ba yayan matata bashin kuɗi. Ni da wani dattijo ne shaidu, kuma ba a rubuta komai ba saboda yarda. Dattijon ya rasu bara. Yanzu surukin nawa ya ce bai karɓi ko anini ba, mai kuɗin ya kai ƙara, kotu ta aiko mini da sammaci. Matata sai kuka take, dangi suna cewa in yi tafiya a ranar ko in ce ba ni da lafiya, kada in tona asirin gida. Ban taɓa taka kotu ba, kuma ranar aiki ce. Shin akwai zunubi a kaina idan na ƙi zuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, a yadda ka bayyana lamarinka, zuwa kotu wajibi ne a kanka kai kanka, kuma ƙin zuwa ba tare da uzuri na gaskiya ba zunubi ne babba. Na san wannan amsa za ta yi maka nauyi, shi ya sa zan ɗan tsaya in nuna maka inda ta fito.

Malaman fiƙihu sun raba shaida gida biyu. Akwai ɗaukar shaida, wato a kira mutum ya zo ya gani ko ya ji don a kafa hujja da shi nan gaba. Wannan farilla ce ta kifaya, idan wasu sun yi ta faɗi a kan sauran. Akwai kuma bayar da ita a gaban alƙali. Kai ka riga ka wuce matakin farko tun ranar da ka zauna aka ƙirga kuɗin a gabanka. Tun daga wannan rana amana ta hau wuyanka, sammacin nan kuwa mai amana ne ya zo karɓar kayansa. Allah Maɗaukaki ya ce a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ayar bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani: "Kada shaidu su ƙi zuwa idan an kira su." A ayar da ke bi mata ya ce: "Kada ku ɓoye shaida, wanda duk ya ɓoye ta to lalle zuciyarsa mai zunubi ce." Ka lura da inda aka ajiye zunubin. Mai ɓoye shaida bai ɗaga hannu ya doki kowa ba, bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, zama kawai ya yi a gida. Don haka aka jingina laifin ga zuciya, inda gaskiyar take kwance ya danne ta.

Da a ce mutum biyar ne suka shaidi bashin, biyu suka je suka wadatar da alƙali, da sauran sun sami sauƙi. To abokin shaidarka yana kabari. Farillar da take ta kifaya ta koma ta aini, babu wanda zai ɗauke maka ita.

Mai yiwuwa wani ya ce maka ai shaidar mutum ɗaya ba ta tabbatar da komai, zuwanka da rashinsa duk ɗaya. Ba haka ba ne. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Malik da Shafi'i da Ahmad duk sun yi aiki da wannan a sha'anin dukiya, Hanafiyya ne suka saɓa. Kotunan da ke bin dokar ƙasa ma suna auna maganar shaida guda, suna iya gina hukunci a kanta.

Abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne wannan: mutane suna zaton wanda ya ƙi zuwa kotu ya tsame hannunsa ne, ba ya nan ba ya can. Alƙali kuwa ba ya sanin gaibu. A hadisin Ummu Salama da ke Bukhari da Muslim, Annabi da kansa ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji, to wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta aka yanka masa. Kuma ya ce wa Ash'as ɗan Ƙais a wata rigima tasa: ka kawo shaidunka biyu, ko abokin rigimarka ya rantse. Dubi yadda ranar za ta kasance. Magatakarda ya kira sunanka sau uku, shiru. Abokinka ya waiga ƙofa, ya sake waigawa. Sai alƙali ya juya ga surukinka ya ce ya rantse. Idan ya rantse, mai kuɗi ya tashi a tutar babu, surukinka kuma ya haɗa cin haram da rantsuwar ƙarya. Kujerarka da ta zauna babu kowa ita ta yanke wannan hukuncin.

Saboda haka maganar dangi ta rufa asirin gida ba ta da wurin tsayawa. Allah ya ce a aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ku kasance masu tsayuwa da adalci, masu shaida saboda Allah, ko da a kan kanku ne ko iyaye da makusanta. In an ambaci iyaye, ina batun suruki? Shaidar da malamai suke tuhuma ita ce wadda mutum zai jawo wa na kusa da shi amfani da ita, kamar uba ga ɗansa. Wadda za ta hau kan ɗan'uwa karɓaɓɓiya ce, ta ma fi nisa daga zargi. Shawarar ka yi ciwon ƙarya ko ka ƙirƙiri tafiya kuwa, ƙarya ce aka ɗora a kan ɓoye shaida, laifi biyu ke nan.

Amma shari'a ba ta ce a wahalar da mai shaida ba. A cikin ayar bashin nan dai Allah ya ce kada a cutar da marubuci ko mai shaida, kuma malaman tafsiri sun fahimci lafazin ta fuska biyu: kada shi ya cutar ta hanyar ƙi ko sauya magana, kuma kada a cutar da shi. Daga nan aka fitar da uzurori. Mara lafiyar da ba zai iya fita ba, da wanda yake tsoro na haƙiƙa a kan ransa ko iyalinsa saboda barazanar da aka yi masa, da wanda yake nesa ƙwarai. Shaihu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ce bayar da shaida yana zama dole daga tazarar kamar baridi biyu, kimanin mil 24 ke nan, ba ya zama dole daga nisan da ake ƙasaru, wato mil 48. Shafi'iyya suka auna da tazarar da mutum zai yi sammako ya je ya dawo gida a yininsa. Wannan awo na zamanin tafiyar ƙafa da dabba ne, abin da suke nufi shi ne wahala, kuma a ganina yau da abin hawa ya kusanto da nesa, wahalar ce za a duba. Ko a da ɗin ma ba a barin haƙƙi ya salwanta: akan karɓi shaida a kan shaida, wato wasu su ji daga bakin mai shaida su isar wa alƙali, ko alƙalin garin mai shaida ya saurare shi ya rubuta wa ɗan'uwansa alƙali.

Jin nauyin suruki da ɓacin ran iyali da fargabar tsayuwa gaban alƙali ba sa cikin waɗannan uzurori. Ranar aiki ma haka, ka kai takardar sammacin wurin aikinka ka nemi izini. Wanda yake da uzurin gaske kuma, hanyarsa ita ce ya sanar da kotu kafin ranar, domin a ɗage zama ko a nemi wata hanyar jin bakinsa. Sammaci umarni ne na hukuma a kan abin da ba saɓo ba, biyayya gare shi tana cikin biyayyar da aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da ita. A dokokin ƙasashe da yawa, wanda ya yi biris da shi kotu na iya ba da umarnin a kamo shi, ko ta ci shi tara saboda raina kotu. Ko da kotun ba ta shari'ar Musulunci ba ce, matuƙar ta nan ne haƙƙin bawan Allah zai dawo hannunsa, wajibcin yana nan.

Game da kuɗi, kada ka karɓi lada a kan shaidar kanta daga kowane ɓangare, Malikiyya suna ganin hakan yana zubar da adalcin mai shaida. Kuɗin mota da kotu ta tsara ga wanda aka kira, wannan babu laifi.

Akwai wani wuri da ake son rufa asiri, kada a cakuɗa shi da naka. A laifin haddi da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, Annabi ya ce wa Hazzal, wanda ya sa Ma'iz ya je ya yi iƙirarin zina a gabansa: da ka suturta shi da tufarka da ya fi maka alheri. Bashi kuwa haƙƙin ɗan Adam ne, mai shi kaɗai ke da ikon yafewa.

Idan ka tsaya a gaban alƙali, faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, ka tsaya nan. In ka tuna an ba da kuɗin amma adadin ya shige maka, ce ka manta adadin. Kada lauya ko tausayin wani ya ja ka ka cike giɓi da zato. A hadisin Abu Bakra, Annabi yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma ya yi shiru.

Kafin ranar zama, ina ba ka shawara ka sami surukinka ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ka ce masa: Yaya, ina nan aka ba ka kuɗin nan, an kira ni, kuma ba zan iya ɓoyewa ba, gara mu nemi mutumin nan a sasanta. Sau da yawa talauci da kunya ne ke sa mutum musun bashi. In ya amsa, a roƙa masa jinkiri ko a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, kai ma ka taimaka da abin da za ka iya, mai ƙara ya janye ƙararsa, shi ke nan ba ka buƙatar tsayuwa a kotu. Matarka kuma ka lallashe ta da taushin harshe, ka nuna mata cewa wanta kake tserarwa daga rantsuwar ƙarya. In ya dage a kan musu, ka je a ranar da aka rubuta a sammacin ka ba da shaidarka.

Allah ne mafi sani.