Amsar Kawu Kan Koya Wa Tawaga Sabuwar Fasaha

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce an ɗora ka a kan injiniyoyi takwas masu kula da manhajar kamfani, an saya musu kwas na intanet tun wata shida, amma aikinsu yana nan yadda yake. Kana tambaya ko dole ne a bi al'adar nan ta masu sana'ar, wato mutum biyu su zauna kan kwamfuta ɗaya, kuma a duba kod ɗin juna, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kafin a haɗa shi da sauran, tunda kai ɓata lokaci ka gani a ciki.

Ba don ado aka kafa al'adar ba. Kwas yana koyar da gini a fili fetal, ku kuwa gidanku tsoho ne, da mutane a ciki. Mutum ya gama kallon bidiyo, ya dawo ya tarar da kod ɗin da aka rubuta kan Java 8, sigar harshen rubuta manhaja na Java wadda ta fito tun 2014, ya rasa inda zai sa abin da ya koya. Kafin wata ya zagayo ya manta.

Ka fara da takarda. Rubuta duk abin da manhajarku ta dogara a kai, da sigarsa, da ranar da masu shi za su daina gyara shi, da sunan wanda ya san shi a cikinku. Ranakun nan ba wasa ba ne. An daina tallafa wa Python 2, tsohuwar sigar harshen rubuta manhaja na Python, ranar 1 ga Janairu 2020. Kubernetes, tsarin sarrafa manhajoji a kan kwamfutoci da yawa, na fitar da siga uku a shekara, kowace ana kula da ita wajen wata 14. Da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wani laburare, wato shiryayyen kod da manhajoji ke aro, a Disamba 2021, waɗanda ba su da irin wannan takarda sun kwana suna lalube, ba su ma san ko laburaren na cikin manhajarsu ba. Inda ka ga wa'adi ya matso kuma suna ɗaya tak ke gabansa, nan za a fara koyo. Sauran sababbin abubuwan da ake yayi su jira.

Daga nan ka zaɓi ƙaramin sashe na gaske, kamar mai tura imel ko mai fitar da rahoton wata. Kada ka taɓa sashen biyan kuɗi tukuna, kada kuma ka ƙirƙiro aikin wasa, don ba wanda ke zage damtse a kan abin da za a zubar. Ka haɗa mutum biyu: wanda ya daɗe, ya san dalilin kowane karkataccen layi, da wanda hannunsa ya faɗa a sabuwar fasahar. Su riƙa musayar kibod kowane rabin awa, kuma wanda bai iya ba shi ya fi yawan bugawa. In gwani ya riƙe kibod, ɗayan kallo kawai yake yi, mun koma bidiyo ke nan. Kafin su canja komai, su rubuta gwaje-gwajen da za su kama halin sashen na yanzu, har da abin da ke kama da kuskure, domin wataƙila wani sashe ya dogara da shi.

Ga misalin abin da zaman ke kamawa. Spring Boot 3, kayan gina manhaja da Java, na buƙatar aƙalla Java 17, kuma sunaye irin javax.persistence sun koma jakarta.persistence. Mai gaggawa zai ce wa kwamfuta ta sauya kowane javax da jakarta, sai komai ya tsaya, saboda javax.sql da javax.crypto na cikin Java kanta, ba su canja ba. Ya gyara wannan, sai wani tsohon laburare da ke neman tsofaffin sunaye ya hana manhajar tashi. Na kusa da shi ne zai tuna shekarar da aka sa laburaren da abin da yake yi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma yawancin dattawan da ake cewa sun ƙi canji kunyar tambaya a gaban yara ce ke damunsu. Ka ba su matsayin masu bayani, za su saki jiki.

Idan biyun farko sun gama, a ce cikin mako shida, ka raba su, kowa ya ɗauki sabon aboki. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, zagaye uku mako 18. Sai dai ka yi lissafin lokaci a fili. Awa huɗu a mako ga mutum takwas awa 32 ne, kusan aikin mutum guda. Ka cire shi daga alkawarin da kake yi wa na sama da kai, ka gaya musu. In ba ka cire ba, wa'adin farko da ya taso zai cinye shi.

Duba kod kuwa, kada abin da aka kawo ya wuce layi 400, domin fiye da haka ido ke gajiya a sa hannu kawai. A amsa cikin kwana ɗaya, mai gyara ya faɗi dalili, ƙarami ma ya duba na babba. Masu amfani da ƙirƙirarriyar basira su sani takan ƙago sunan laburaren da babu shi, saboda haka wanda ya kawo kod sai ya iya bayanin kowane layi da bakinsa, kuma bayanan abokan ciniki ba sa shiga cikinta.

Kada ka auna ci gaba da yawan satifiket. Ka bari biyun farko su tafi hutu mako guda, ka sa na uku ya ɗora sabuwar siga a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, sannan ya mayar da tsohuwar ba tare da ya kira su a waya ba. Duk inda ya tsaya, ka rubuta, shi ne aikin zagaye na gaba. Ka gaida mutanen gida.