Motar da Marigayi Ya Bar Mana: In Gyara ko In Sayar?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Rikkos cikin Jos da 'ya'yana uku. Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Da aka yi rabon gado, motarsa ƙirar 2004 ta faɗo a kasona da na yara. Da ita nake kai su makaranta in wuce aiki, ranar Asabar kuma in saro kayan miya a Farin Gada in ɗan juya.

Bara kaɗai na canza kuloci da tayu biyu da batir. Watan jiya muna dawowa daga biki a Akwanga ta ɗau zafi a Hawan Kibo, allura ta kai ja. Magariba ta kawo jiki, ga yara, na ji tsoron tsayawa, sai na lallaɓa har muka haye. Tun ranar take shanye ruwa, tana fitar da farin hayaƙi, baƙin man kuma ya koma kamar shayi da madara. Bakanikenmu ya ce injin ya gama, sai dai a sa ɗan Beljiyam, wato inji na hannu da aka shigo da shi daga waje, naira dubu 950 har kuɗin aiki. In ba zan iya ba, wai yana da wanda zai saye ta a yadda take, miliyan 1 da dubu 400. Yayana ya ce in rabu da ƙaya. Adashin dubu 600 zan ɗauka ƙarshen wata, shi ke nan abin da nake da shi. Ba zan ɓoye miki ba Gwaggo, har yau carbin marigayi yana rataye a madubinta, kuma in na tuna wani zai tafi da ita sai in kasa barci.

'Yarki, Maman Yara, daga Jos

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari.

Abin da ya fara tsaya min a wasiƙarki ba injin ba ne, bakaniken ne. Mutum ɗaya ya ce miki gyara zai ci kusan miliyan, shi ne kuma ya zo da mai saye a aljihu. Ban ce macuci ba ne, ban san shi ba. Amma duk wanda zai ci la'ada in kin sayar, ba a bakinsa kaɗai za ki ji lafiyar motarki ba.

Alamomin da kika lissafa, shan ruwa da farin hayaƙi da man da ya yi kalar madara, galibi na gaskit ɗin kan inji ne, wanda kanikawa ke kira tof gaskit. In zafi ya yi yawa yakan ƙone, sai ruwa ya sami hanya ya gauraya da mai. Wannan daban yake da a ce inji ya buga. Wanda ya buga za ki ji yana ƙwanƙwasa daga ƙasa kamar ana dukan ƙarfe, sau da yawa fitilar mai na kunne, kuma ba ki ambaci ko ɗaya ba. In gaskit ne kawai, ana cire kan injin a kai wa masu injin gogewa su duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage, a daidaita shi, a sa sabon gaskit, a wanke ciki a yi juye. Kuɗin wannan bai kama ƙafar na sauya inji ba. Sai dai kin yi tafiya da ita a kan hawa tana tafasa, don haka ɓarnar za ta iya wuce nan. Buɗewa ce za ta raba gardama. Ki samu wani bakanike da bai san na farkon ba, ki tafi da yayanki, a buɗe a gabanku. Kuma a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, ko lagireto ne ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa. In ba a yi haka ba, gyaran gangar auzinawa za a yi miki.

Yanzu lissafi. Kuɗin kuloci da tayun bara sun tafi, ki daina sa su a ma'auni. Kada kuma ki auna gyaran da abin da aka taya motar. Ki auna shi da abin da za ki kashe ki sami madadinta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, motocin Kwatano suka bi ta. Ki zagaya wurin dillalai da kanki ki tambaya. Abin da miliyan 2 za ta saya miki yau, wato kuɗin motar haɗe da adashinki, tsohuwa ce irin taki, wadda ba ki san inda ke mata ciwo ba. Taki kuwa kin san ta ciki da bai. Ki kuma zauna da biro ki rubuta kuɗin Keke Napep na mutum huɗu safe da yamma, da dakon kayan miya, na wata guda.

Ra'ayina shi ne: in giyabos lafiya lau, ƙasan motar bai ci tsatsa ba, kuma matsalar ta tsaya a kan inji, ki gyara da adashinki ki ci gaba da hawa. In an buɗe an ga lallai sai wani inji, kuma giya ma ta fara gardama, to ki sayar, kada ki ci bashi mai ruwa a kan motar da ta haura shekara ashirin. Ko a nan ma kada ki sallama wa tayin farko, ki bari mutum uku ko huɗu su taya. In kuwa injin Beljiyam ɗin kika zaɓa, ban da cinikin biri a sama. Ki je kasuwar kayan gyaran motoci ta Dilimi da wanda ya san kan abin, a rubuta miki kwanakin da za ki iya mayarwa in bai yi ba, ki adana rasit saboda lambar inji za ta saɓa da ta takardunki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Motar nan da haƙƙin marayu a ciki. Naki tumunin takaba ne da abin da aka ƙayyade miki, saura nasu ne. In sayarwa ta kama, a yi da sanin baffansu da shaidu, a rubuta, a canza sunan mai mota a takardu, kason yara kuma a killace shi, kada ya narke a cefane.

Carbin kuwa, ciro shi yau ki sa a jakarki, don ki iya kallon motar a matsayin mota. Kuma kada ki ƙara tayar da ita da wannan gaurayayyen man, ko zuwa bakin titi ne. A jawo ta zuwa garejin.

Gwaggonki