Kun Tambaya, Mun Amsa: Daga Tukunyar Gas Zuwa Murhun Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Kuɗin gas ya ishe ni. Ina so in sayi babban murhun lantarki mai baki huɗu da oben, in jona shi a soket ɗin kicin. Maigida ya ce in fara tambaya tukuna. Akwai matsala? Daga wata uwargida, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ya yi gaskiya. Soket ɗin bango mai baki uku amfiya 13 kawai yake ɗauka, wato wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230. Murhu mai baki huɗu da oben kuwa yakan ja wat 6,000 zuwa 10,000 idan an kunna duka. Da kin jona shi a nan, ko dai fiyus ya ƙone, ko kuma, abin da ya fi muni, fulogin ya yi ta zafi a hankali har roba ta narke.

Irin wannan murhu layinsa daban ake ja masa tun daga akwatin raba wuta na gida. Ki sa mai gyaran wuta ya ja waya mai kaurin murabba'in milimita 6, ba mai 2.5 da ake yi wa soket da ita ba. Idan tsakanin akwatin da kicin da nisa, ko murhun ya haura wat 8,000, a yi da mai 10. A sa masa bireka tasa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ta amfiya 32 (ta fi haka in wayar mai 10 ce), da makunni na amfiya 45 a bango, a gefen murhun, ba a samansa ba, don kada ki miƙa hannu ta kan tukunya mai tafasa ranar da ake neman kashewa da gaggawa. Ba a sa masa fulogi, kai tsaye ake ɗaure wayar, kuma a ɗaure ta tam, domin sako-sakon ɗauri shi ke fara yin zafi.

Abu biyu ake yi wa ha'inci a wannan aiki. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Gidaje da yawa an ja ta a bango amma ba ta kai ko'ina ba. Jikin murhu ƙarfe ne, hannun mai girki kuma kullum a jiƙe, saboda haka a tabbatar an kafa sandar tagulla a ƙasa an haɗa, a kuma sa birekar nan mai yanke wuta da zarar ta fara zurara, mai miliamfiya 30. Na biyu ita kanta wayar. Akwai ta alminiyom da aka yi wa rufin tagulla. A kankare bakinta da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, a mayar wa mai shago kayansa.

Tambaya: Shin da gaske lantarki ya fi gas araha? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Amsa: Malam, ya danganta da layin da kake. Ga lissafin. Kilo ɗaya na gas yana da ƙarfin kusan yunit 13 na wuta, amma wajen rabi ne ke shiga tukunya, saura yana bin gefe ya ɗumama kicin. Don haka aikin kilo ɗaya, murhun indakshan, mai zafafa tukunya da maganaɗisu, zai yi shi da yunit 7 zuwa 8, mai farantin ƙarfe, wato hotfilet, kuma da 8 zuwa 9. Silinda mai kilo 12.5 ta tashi kusan yunit 100 ke nan.

Sai ka raba kuɗin kilo gida takwas. A ce kilo naira 1,200 ne a unguwarku, ya zama 150. In kana sayen yunit ƙasa da haka, lantarki ya fi maka. Masu Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, a watan Afrilun 2024 aka kai musu yunit sama da naira 200, a wannan farashin gas ya fi musu sauƙi. Sauran layukan wutarsu na da araha, sai dai ba lallai ta zo lokacin ɗora sanwa ba. Shi ya sa ba ma ba kowa shawarar sayar da silindarsa. A rufe bakinta, a cire regileta, a ajiye ta a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa.

Tambaya: Na sayi indakshan mai baki ɗaya, amma da na ɗora tukunya sai ya yi ta ƙara ya mutu. Na jabu aka sayar mini? Daga wata amarya, Maraɗi.

Amsa: Amarya, da wuya laifin murhun ne. Indakshan ba ya yin zafi da kansa, maganaɗisu yake amfani da shi ya zafafa gindin tukunya. Tukunyar dalma, ta alminiyom, ta ƙasa da ta gilashi duk ba ya ganinsu. Ki sami ɗan maganaɗisu ki kara a gindin tukunyar: in ya manne, za ta yi. Tukwanen silba ma ba duka ke yi ba, sai an gwada. Gindin kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, mai faɗin akalla santimita 12.

In tukunyar ta ci jarrabawa amma yana mutuwa, to wutar ce ba ta da ƙarfi, ko kin toshe masa iskar fankar da ke ƙarƙashi. A bar masa sarari kamar tsawon ɗan yatsa ta kowane gefe, kada a ɗora shi kan leda ko tsumma.

Tuƙin tuwo kuwa, a gaskiya, ba aikinsa ba ne. Samansa gilashi ne, ga nauyin tukunya ga bugun muciya. Miya, shinkafa, taliya, ruwan zafi, a nan ya fi kowa sauri.

Tambaya: Me ya sa hotfilet ɗina ke ɗaukar awa guda kafin ya tafasa ruwa da daddare? Kuma zan iya ɗora shi kan sola? Daga wani ɗalibi, Kano.

Amsa: Da daddare kowa ya kunna kayansa, ƙarfin wuta ya faɗi. Zafin hotfilet kuma ya fi bolt saurin faɗuwa: in wuta ta sauko daga 230 zuwa 180, mai wat 2,000 ba zai ba ka fiye da 1,200 da 'yan kai ba. Doguwar wayar ƙari tana ƙara rage shi, ita ma tana zafi. A jona shi a bango, shi kaɗai.

Batun sola, batir mai amfiya 200 da bolt 12 yunit 2.4 yake riƙewa, kuma in na ruwa ne rabi ake so a sha. Girkin awa guda ya wuce abin da zai iya bayarwa. Sai mai babbar inbata da farantan sola masu yawa, shi ma da rana tsaka. Ƙaramin janareto ba zai ko motsa shi ba.

Ka kuma kiyaye wannan: in aka ɗauke wuta kana cikin girki, ka kashe makunnin bango nan take ka sauke tukunya. Hotfilet ba shi da harshen wuta da zai tuna maka, kuma ƙarfe biyun dare ake iya dawo da ita, kowa na barci, mai yana kan faranti.